Miki ya warke, zogi bai tafi ba: aikin ƴan rakiyar jijiya

Akwai wani irin ciwo da ke haddasa gardama cikin gida. Mutum ya sari ƙafarsa da gatari wajen sassabe, ko amalanke ta taka shi, ko an yi masa aiki a asibiti. Miki ya rufe, tabo ya bushe, watanni sun wuce, amma wurin bai daina ƙuna ba. Wani ya ce kamar an zuba masa barkono. Wani ya ce kamar tururuwa ke yawo ƙarƙashin fatarsa. Wani kuma ko riga ce ta taɓa wurin sai ya zabura. In an duba, ba a ganin kome. Daga nan sai surutu ya tashi: wasu su ce raki ne, wasu su ce ƙyuya ce don kar ya je gona, wasu su ce jifa aka yi masa.

Mai wannan ciwo gaskiya yake faɗi. Likitoci sun san ciwon, kuma in ya wuce wata 3 suna lissafa shi cikin cututtuka masu buƙatar kulawa ta musamman. Dalilinsa yana ɓoye cikin jijiya, inda ido ba ya kai.

Hanyar da labarin ciwo ke bi

A Hausa, kalmar jijiya tana ɗauke da abu fiye da ɗaya. Akwai jijiyar jini. Akwai jijiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, irin wadda mahauci ke cirewa daga nama. Akwai kuma jijiyar saƙo, wadda babu jini cikinta, fara ce kamar zare. Ita ce muke magana a kai.

Jikin mutum an gina shi da ƴan ƙananan ƙwayoyin halitta, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Ba a ganin su sai da madubin likita mai ƙara girman abu. Daga cikinsu akwai masu aikin kai labari, waɗanda masana ke kira neron. Mu ce da su ƙwayoyin saƙo. Kowace tana da ɗan kai da kuma dogon zare. Zaren da ke jin abin da ya faru a babban yatsan ƙafa yana tafiya tun daga yatsan har zuwa laka, wato farin abin nan da ke cikin ƙashin baya. Ga dogon mutum, tsawonsa ya kai metir 1. Daga laka labari ya hau zuwa ƙwaƙwalwa, sannan mutum ya san ƙaya ta soke shi.

Zarurrukan ba gudunsu ɗaya ba. Wanda ya taɓa yin tuntuɓe da kututturen gero ya san haka, ko da bai lura ba. Da farko za ka ji wani zafi mai kaifi, nan take. Bayan ɗan lokaci kaɗan sai wani zogi mai nauyi ya biyo baya, wanda ke daɗewa. Na farkon ya zo ta zare mai sauri, mai gudun metir 5 zuwa 30 cikin sakan ɗaya. Na biyun ya zo ta siririn zare wanda gudunsa bai wuce metir 2 cikin sakan ba. Abin da ya bambanta su shi ne rigar kitse da aka naɗe mai saurin da ita, kamar robar da ke rufe wayar kuran. To, wa ya ɗinka wannan riga?

Masu ɗinkin riga

Ƙwayar saƙo ba ta zama ita kaɗai. Duk inda take, akwai wasu ƙwayoyi kewaye da ita. Wani lokotoro ɗan ƙasar Jamus, Rudolf Virchow, ya ba su suna a shekarar 1856. Ya kira su giliya, daga kalmar Girkanci mai nufin danƙo, domin a ganinsa aikinsu kawai su manne jijiyoyi wuri guda. Mu a nan za mu ce da su ƴan rakiya.

Fiye da shekara 100 yawancin masana suna kallon su kamar harawar da ake cusawa tsakanin tukwane don kar su fashe a hanyar kasuwa. Ba ƴan kaɗan ba ne kuwa. Wani lissafi da masanan ƙasar Birazil suka fitar a 2009 ya nuna ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin saƙo wajen miliyar 86, sauran ƙwayoyin kuma, waɗanda galibinsu ƴan rakiya ne, sun kusa wannan adadi. Yau an san su ne ke ciyar da ƙwayar saƙo, su share mata datti, su kare ta daga cuta. An kuma gano suna jin abin da take faɗi, suna mayar mata da amsa.

Ƴan rakiyar da ke bin zaren jijiya cikin hannu da ƙafa ana kiran su ƙwayoyin Shuwan, da sunan Theodor Schwann, wani masanin Jamus da ya bayyana su a 1839. Su ne ke naɗe zaren da rigar kitse, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake naɗa rawani. Siririn zare mai nawa shi ma suna rungume da shi, sai dai ba su yi masa rigar kitse ba. In wuƙa ko lauje ya yanke jijiya, su ne ke taimakawa wajen kwashe mataccen guntun, su jera kansu su yi hanya, sabon zare ya bi. Tofowar tana da jinkiri: milimetir 1 a rana, wato kamar santimetir 3 a wata. Shi ya sa wanda jijiyarsa ta yanke a gwiwar hannu, ko an ɗinke ta da kyau, yakan yi fiye da shekara kafin ji ya komo kan yatsunsa.

A 2019, masanan cibiyar Karolinska ta birnin Istokholm, a ƙasar Suwed, suka gano wani abu da ba a zata ba. Cikin fatar ɓera akwai wani irin ƙwayoyin Shuwan da suka yi raga ƙarƙashin fatar sama, riƙe da bakin zaren jijiya. Da aka tsokane su su kaɗai, sai ɓeran ya janye ƙafa yana lasa, kamar an soke shi. Da aka kashe aikinsu, sai jin sukarsa ya ragu. Ashe ɗan rakiya da kansa yana cikin masu fara jin ƙaya.

Zangon bakin laka

Yanzu mu zo inda maganar ta fi nauyi. Jijiyoyin da ke fita daga laka 31 ne a dama, 31 a hagu. Dab da wurin da suke shiga laka akwai ɗan ƙulli, wanda bai fi ƙwayar wake ba. Cikin wannan ƙulli ne kawunan ƙwayoyin saƙo ke zaune, dubbai a wuri guda. Fuska ita ma tana da nata ƙulli cikin ƙoƙon kai. Ku ɗauki ƙullin kamar zango: duk labarin da ya taso daga fata sai ya ratsa ta gefensa.

A cikin zangon, kowane kai yana lulluɓe da nasa ƴan rakiya, sun rufe shi ruf kamar yadda jan ɓawo ke rufe ƙwayar gujiya. Ratar da ke tsakaninsu ƙanƙanuwa ce ƙwarai, saboda haka duk abin da ɗaya ya zubar, ɗayan zai ji.

Ba su da baki, to da me suke magana? Da sinadarai. Lokacin da ƙwayar saƙo ke aiki, tana fitar da wani sinadari mai suna ATP. Ƴan rakiya suna da wuraren karɓarsa a jikinsu, kamar kunnuwa. In sun ji shi sai su motsa, su ma su fitar da nasu, ya koma wa ƙwayar saƙon. Ban da haka, duk sa'ad da ƙwayar saƙo ta aika labari tana zubar da wani gishiri mai suna potasiyom. In gishirin ya taru kewaye da ita sai ta zama mai saurin harzuƙa. Ƴan rakiya ne ke tsotse shi, su bar ta cikin natsuwa. Haka abin yake ga mai lafiya.

In jijiya ta ji rauni, ko kumburi ya daɗe, sai zaman ya canja. Gwaje-gwajen da aka yi a kan ɓeraye sun nuna ƴan rakiya suna rage tsotsar gishirin. Kunnuwansu suna ƙara kaifi, har ATP kaɗan ya ishe su tashi. Suna kuma fitar da sinadaran kumburi, waɗanda ke sa ƙwayar saƙo ta riƙa aika labarin ciwo a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Akwai wani canji da ya fi waɗannan ban mamaki. Tsakanin ƴan rakiya akwai ƴan ƙananan kafofi da sinadari ke bi daga wannan zuwa wancan. Lokacin lafiya, kafofin galibi suna haɗa ƴan gida ɗaya ne, wato masu lulluɓe kai guda. Bayan rauni sai kafofin su yawaita, har su haɗa wannan gida da na maƙwabta. Kamar unguwar da aka huda darninta ko'ina: abin da aka faɗa a gida ɗaya ya game unguwa kafin a jima. Ƙwayar saƙon da ba abin da ya same ta sai ta kama kururuwa don ta ji maƙwabciyarta na yi. Masana suna ganin wannan yana cikin dalilan da ke sa zogi ya bazu ya wuce inda raunin yake.

Dogaran cikin laka

Cikin laka da ƙwaƙwalwa akwai wasu ƴan rakiya ƙanana da ake kira mikirogiliya. Su ne dogarai. Kullum suna miƙa ƴan hannuwansu suna lalube, suna neman ƙwayar cuta ko abin da ya mutu. In jijiyar ƙafa ta ji rauni, labari yakan kai musu can cikin laka. Cikin ƴan kwanaki sai su kumbura, su yawaita, su taru daidai inda wannan jijiya ke shigowa.

A 2003, wasu masanan ƙasar Japan, Makoto Tsuda da Kazuhide Inoue tare da abokan aikinsu, suka yi wani gwaji. Ɓeran da aka raunata jijiyarsa yakan janye ƙafa ko da ɗan gashi aka taɓa shi. Da suka toshe wurin da dogaran ke karɓar ATP, sai ɓeran ya daina. Sannan suka ɗebi dogaran da aka tsokana, suka zuba cikin lakar ɓera mai lafiya, wanda ba a taɓa jijiyarsa ba. Shi ma sai ya fara janye ƙafa. Shekara 2 bayan haka, masanan Kanada suka gano yadda abin ke faruwa. Laka tana da birki da ke hana taɓawa mai sauƙi ta bi hanyar ciwo. Dogaran da suka harzuƙa suna fitar da wani sinadari da ke kwance wannan birki. Ga dalilin da ya sa riga, ko iskar hunturu, ko zanen rufa ke zama azaba ga wasu.

Mata su lura da wannan. A 2015, a Kanada, aka gano cewa ga ɓera namiji dogaran nan ne ke riƙe da ciwon, amma ga tamata wasu ƙwayoyin jini masu kare jiki ne ke yin aikin. An daɗe ana gwaji da ɓeraye maza kusan su kaɗai, kamar dai jikin mace da na namiji duk ɗaya ne. Wannan sakaci ne, kuma yanzu ana gyara shi.

Yawancin wannan sani daga dabbobi aka samo shi. Amma a 2015 ɗin, a birnin Boston na Amurka, an ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane masu daɗaɗɗen ciwon baya da wata na'ura ta musamman, aka ga alamar tashin ƴan rakiya ta fi ta masu lafiya.

Kuturta: cutar da ke shiga gidan ɗan rakiya

Wani zai ce wannan duk labarin Turawa ne da ɓerayensu. To ga cutar da kowa ya sani a ƙasarmu. Ƙwayar cutar kuturta, wadda lokotoro Hansen na ƙasar Norwe ya gano a 1873, wurin zamanta da ta fi so shi ne cikin ƙwayoyin Shuwan. Tana shiga cikinsu ta yi ta hayayyafa a hankali, shekara da shekaru. Ta fi son wuraren jiki masu sanyi, inda jijiya ke kusa da fata: gwiwar hannu, gefen gwiwar ƙafa, idon sawu, fuska. In ƴan rakiya sun lalace, kuma jiki ya taso da yaƙi ya kumbura wurin, sai zaren jijiya ya mutu. Ji ya ɗauke.

A nan ne mutum ke gane amfanin ciwo. Matar da hannunta ba ya ji za ta sauke tukunya daga murhu, ta ƙone ba ta sani ba. Manomin da ƙafarsa ba ta ji zai wuni da ƙaya cikin tafin sawu yana noma. Miki ya ruɓe, ya ci nama, ya kai ga ƙashi, a yi ta maimaitawa har yatsu su gajarce. Raunukan da ba a ji ba su ne ke cinye yatsun. Wanda aka kama cutarsa da wuri ba ya kai wa ga dungu.

Alamar farko ita ce tabo mai haske ko ja-ja a fata, wanda ba ya ƙaiƙayi, kuma in an shafa shi da auduga mutum ba ya ji. Maganin kuturta kyauta ne a duniya duka tun 1995, ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS. Ana shan sa wata 6 ko wata 12, gwargwadon irin cutar, kuma wanda ya fara sha ya daina yaɗa ta. Asibitin Danja, kudu da Maraɗi, yana wannan aiki tun shekarun 1950. Mai shan magani, ko wanda ya gama, in ya ji jijiya ta kumbura tana zafi a gwiwar hannu ko ta ƙafa, ko yatsu sun fara rauni, ya koma likita cikin kwanakin nan. Akwai maganin kwantar da kumburin, amma yana aiki ne kafin jijiyar ta mutu. In an wuce wata 6, samun jin ya komo yana da wuya.

Zona da ciwon sukari

Ƙwayar cutar ƙarambau ba ta barin jikin yaro bayan ya warke. Tana shiga ƙullin nan na bakin laka ta kwanta. Bayan shekaru masu yawa, in tsufa ya zo ko ƙarfin jiki ya ragu, sai ta farka, ta ɓata ƙwayoyin saƙo da ƴan rakiyarsu, ta bi jijiya ta fito fata. Likitoci na kiran wannan zona. Ƙuraje ne masu ruwa, masu ƙuna, a jere kamar ɗamara, gefe ɗaya kawai na jiki, domin ƙulli ɗaya yanki ɗaya yake kula da shi. Ƙurajen sukan bushe cikin sati 2 zuwa 4. Ga wasu, musamman waɗanda suka wuce shekara 50, ƙunar takan zauna watanni ko shekaru. Maganin ƙwayar cutar ya fi amfani in an fara shi cikin kwana 3 da fitowar ƙuraje. In sun fito a goshi ko kusa da ido, kar a kwana, domin ido na iya tafiya. Matashin da zona ta kama, yana da kyau ya yi awon sida.

Ciwon sukari kuma, in ya daɗe ba a kula ba, yana ɓata ƙwayoyin Shuwan da ƴan ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da jijiya. Yakan fara daga yatsun ƙafa biyu: ƙuna da dare, daga baya ji ya ragu. Mai wannan ciwo ya duba tafin ƙafarsa kowane maraice, ya girgiza takalmi kafin ya sa, kar ya shiga gona ba takalmi. Sakiya, tsaga da ƙaho a ƙafar da ba ta ji hatsari ne babba, domin mikin da aka buɗe a wurin ba ya saurin rufewa.

Maganar magani

Masana sun gwada wasu magunguna don kwantar da ƴan rakiya. Sun yi aiki ga ɓeraye, amma ga mutane ba su ba da sakamakon da aka yi fata ba, saboda haka ba a sayar da irin wannan magani a faramasi. Duk wanda ya zo kasuwa da lasifika yana cewa yana da maganin wanke jijiya, kuɗinku yake so.

Parasetamol da ire-irensa ba su cika taɓa ciwon jijiya ba. Ganin haka ne ke tura mutane wajen mai tebur su sayi tramol. Tramol dangin morfin ne. Likita yakan ba da shi wani lokaci, da awo, na ɗan gajeren lokaci. Wanda ke sha da kansa yau da gobe, jikinsa yakan saba, ya riƙa neman ƙari, kuma yawansa yana kawo farfaɗiya. Dangin morfin in an daɗe ana sha suna iya ƙara wa jiki jin ciwo. A 2016, a jihar Kolorado ta Amurka, an ba ɓeraye masu raunin jijiya morfin na kwana 5 kawai. Ciwonsu ya ninka tsawon na waɗanda ba a ba ba, kuma aka tarar dogaran cikin laka ne maganin ya ƙara harzuƙawa.

Akwai magungunan da ke taimakawa, irin su amitiriptilin da gabapantin, waɗanda ke rage harzuƙar ƙwayar saƙo. Likita ne ke rubuta su. Ana farawa da kaɗan a ƙara a hankali, kuma sai an yi sati 2 ko fiye kafin a ga amfaninsu, don haka kar a yar da su bayan kwana 3. Sau da yawa suna rage ciwon ne har mutum ya samu barci ya koma aiki, ba su kawar da shi gaba ɗaya ba. Amitiriptilin yana sa barci da bushewar baki, kuma mai ciwon zuciya ya faɗa wa likita kafin a rubuta masa. Motsa gaɓar a hankali da tafiya kullum suna taimako fiye da kwanciya.

In kun je gidan likita, kar ku tsaya ga cewa “jikina ke ciwo”. Ku faɗi irin ciwon: ƙuna ne, ko suka, ko fizga kamar ta kuran? Taɓawa mai sauƙi tana tayar da shi? Akwai wurin da ba ya ji? Tun yaushe ya fara, kuma me ya riga shi: rauni, aiki, ƙuraje, ko ciwon sukari? Ku nuna wurin da yatsa, ku kuma tafi da kwalin duk maganin da kuka riga kuka sha, har da na mai tebur.